Yadda Ɗan Dillalin Shanu Ya Shiga Jami'a

Mahaifina dillalin shanu ne a Kumasi. Kakana ne ya fara zuwa ƙasar Asante daga Katsina, fataucin goro ya kawo shi, ya ga wuri ya zauna, ya yi aure a Zongo, unguwar Hausawa da sauran baƙi 'yan arewa. A nan aka haifi Baba, ni ma a nan aka binne cibiyata. Baba bai bi goro ba, shanu ya bi. Kullum bayan sallar asuba sai ya sha koko da ƙosai, ya ɗauki sandarsa ya nufi kara, wato filin da ake tsayar da shanun da aka koro daga arewa, ya shiga tsakanin masu shanu da mahauta har a daidaita. Duk ranar da babu makaranta tare muke tafiya.

A zamanin nan ba kowa ke kai ɗansa boko ba a Zongo, don ana tsoron kada yaro ya dawo da wani addini. Baba ya kai ni ne saboda ya gaji da kai takardun likitan dabbobi wurin wani ya karanta masa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba zan bar allo ba. Haka na yi ta raba ƙafa har na sauke Alƙur'ani, na kuma kai ajin ƙarshe a sakandare. Lokacin ƙasar ba ta sami sunan Ghana ba tukuna, amma kowa ya san Turawa sun fara ɗaure kayansu.

Akwai malaminmu na kimiyya, Ba'asante ne, Kirista, gidansa na wajen Manhyia. Masta muke ce masa. Yana son Hausa ƙwarai, ita ce dai ba ta son sa, don bai taɓa bambance namiji da mace a cikinta ba. Wata Asabar bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu kan kekensa. Ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya shiga zaure ya gaida Baba.

"Baba maigida, yaro naka, kai nata tana da kyau paa," in ji shi, da paa ɗin Asantawa mai nufin ƙwarai. "Ina so ta tafi kwaleji."

"Wace kwaleji kuma, Masta? Ba bana zai gama ba?"

Masta ya ce wannan ta fi wadda nake ciki. Sabuwa ce, an gina ta cikin daji kan hanyar Ankara, babban birnin da ke bakin teku, da an wuce Oforikrom kaɗan. A lokacin kwaleji ake ce mata, sai daga baya ta zama jami'a sosai, amma mu a Zongo tun ran farko jami'a muka ɗauke ta. Ya zaro takardar neman shiga daga jakarsa ya ajiye a kan tabarma.

Baba ya dubi takardar bai taɓa ta ba. "To me zai karanta a can? Lauya ko likita?"

Masta ya dube ni. Ni na zaɓa, don haka ni ya kamata in faɗa. Na sunkuyar da kai na ce, "Noma da kiwo, Baba."

Baba ya yi dariya har sai da ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Shekara da shekaru kana zuwa makaranta da takalmi da safa, ashe duk hanyar komawa garke ce? Ai da ka faɗa mini tun farko da na ba ka sanda mun huta."

Masta bai yi dariya ba. Ya bar Hausa ya koma Turanci da Asantanci, ina fassarawa inda ya cije. Ya tambayi Baba shanu nawa ke tasowa daga arewa da ƙiba su iso Kumasi ƙashi da fata. Ya tambaye shi wa ke duba su a hanya, wa ke buga hatimi a takarda, kuma idan Baturen da ke yin wannan aiki ya tafi gida, wa zai zauna a kujerarsa. Baba ya daina dariya. Ya san sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu idan sun shigo kurmi, ya sha ganin sa mai kyau ya kwanta a kara bai sake tashi ba. Ya ɗan jima yana murza gemunsa, sannan ya tura takardar gabana da yatsa.

"Ku cika. Allah ya sa alheri ne."

Mun ɗauka aikin yini ɗaya ne. Suna bai ba mu wahala ba. Da muka zo kan garin asali Baba ya ce a rubuta Katsina, na ce ban taɓa ganin Katsina ko a mafarki ba, shi ma sau ɗaya ya je. Muka yi ta ja, har Masta ya raba gardama ya rubuta Zongo, Kumasi. Inda muka maƙale shi ne ranar haihuwa. Ran da aka sa ni makaranta, hannu aka ce in ɗora bisa kai in taɓo kunne, da na taɓo aka ƙiyasta mini shekaru aka rubuta. Kwalejin kuwa ta ce sai rana da wata da shekara, da takardar rantsuwa daga kotu.

Na shiga cikin gida wurin Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunana ba, ba ta kuma yi mini magana doguwa a gaban mutane. Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Inna, wai yaushe aka haife ni?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ji wata tambaya. Ni ina na sani? Je ka tambayi masu ɗa."

Masu ɗa kuwa Goggo ce, yayar Baba, wadda ta goye ni tun daga yaye. Ita ba ta da wannan kunyar. Ta gyara zama ta ce, "Ran Alhamis ne da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan Babbar Sallah ne da 'yan kwanaki, don akwai sauran soyayyen naman layya a tukunya, ni na ci shi ina jiran ungozoma. Shekarar da rufin ɗakin girki ya rufta."

Na kai wa Masta wannan bayani. Ya ji daɗin Alhamis ɗin, don su Asantawa ranar haihuwa ita ce sunan mutum, daga ran nan ma da sunan 'yan Alhamis yake kirana. Amma ya ce ba shi da inda zai rubuta rufin ɗakin girki a takardar Turawa.

Baba ne ya ce mu je wurin Liman, tsohon da ya raɗa mini suna. Muka same shi a zaurensa, ido ya fara rauni. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya sa aka sauko masa da wata gafaka da ke rataye, ya kwance, ya fito da wani tsohon littafin fiƙihu mai warwatsattsun ganyaye. A bayan littafin akwai takardu cike da ƙananan rubutu. Ashe duk jaririn da ya raɗa wa suna a unguwar sai ya rubuta sunansa da na ubansa da kwanan wata da shekarar Hijira. Ya kai takardar kusa da hancinsa, yana bi da yatsa, yana ambaton mutanen da na sani, wasu sun yi aure, wasu sun rasu. Can sai ya tsaya.

"Ga ka nan, ɗan dillali. Ran suna ke nan, sai ka cire kwana bakwai." Ya ɗago ya dube ni. "Ku 'yan boko kuna tsammanin a kanku aka fara rubutu."

Masta ya kwashe kwana biyu a ɗakin karatu na gari yana juya lissafin zuwa kalandar Turawa. Da ya gama, ranar ta faɗa kan Alhamis daidai. Goggo ta yi mako tana gaya wa duk wanda ya shigo gidan. Abin da ya ƙara fitowa shi ne na girmi shekarun da makaranta ta ba ni da shekara guda cur. Muka je kotu Baba ya yi rantsuwa, na tsaya gaban mai hoton bakin kasuwa ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya ɗauke ni, muka haɗa komai muka kai gidan waya.

Bayan mun gama jarrabawar ƙarshe sai takarda ta zo cewa in je a gan ni ido da ido. Masta ya ara mini laktayensa mai ruwan bula, ya ɗaura mini da kansa da sassafe, ya ce kada in kuskura in taɓa ƙullin. Na shiga lori a tasha, muka bi ta Oforikrom, aka sauke ni a bakin wata sabuwar hanya mai jar ƙasa. Wurin duk itatuwan kwakwar manja ne da dogayen ɗakuna masu rufin kwano, ga magina ko'ina suna ta aiki.

A kan bencin jira na tarar da samari daga manyan makarantun bakin teku. Turanci suke yi ta hanci, suna ambaton littattafan da ban taɓa jin sunansu ba. Na zauna a ƙarshen benci ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da aka kira ni na shiga na sami mutum uku a bayan tebur, Turawa biyu da baƙar fata ɗaya mai tabarau. Ƙaramin Baturen ya fara yi mini tambayoyi kan sinadarai da tsirrai. Na san amsoshin, amma harshena ya yi nauyi, ina magana ina jin muryata kamar ta wani. Na ga mai tabarau ya rubuta wani abu gajere.

Babban Baturen, wani tsoho mai jar fuska da lofe a baki, sai a lokacin ya tanka. Ya duba takardata ya ce, "Me mahaifinka ke yi?"

Na ce dillalin shanu ne. Na faɗa a hankali, don na ji na gabana suna cewa ubanninsu akawu ne ko fasto.

Ya cire lofen. "Haƙora nawa saniya ke da su a gaba, ta sama?"

Na dube shi in ga ko wasa yake. Na ce, "Ba ta da ko ɗaya, ranka ya daɗe. Dasashi ne kawai. Na ƙasa ne takwas."

"To yaya mahaifinka ke gane shekarunta?"

Nan fa bakina ya buɗe. Na gaya masa yadda haƙoran nono ke zubewa bibbiyu manya su maye gurbinsu, da yadda na tsohuwa ke cinyewa su yi gajeru. Na gaya masa yadda Baba ke gane mai sammore tun daga nesa, gashinta a tashe, idonta na hawaye, tana jan ƙafa a bayan garke. Na gaya masa gajerun shanun kurmi marasa tozo sun fi jure ƙudan tsando a kan manyan farare na arewa. Ban san tozo da Turanci ba, sai na lanƙwasa na dafa bayan wuyana, mai tabarau ya yi dariya ya ba ni kalmar. Na manta da laktaye, na manta da 'yan bakin teku.

Tsohon ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya ce wa sauran su ci gaba, shi zai dawo yanzu. Ya ce in biyo shi. Muka bi ta bayan ginin, muka gangara har gonar kwalejin, inda aka killace 'yan shanu. Mai kula da su wani Bafillace ne siriri. Baturen ya nuna wata karsana ja ya ce in gaya masa shekarunta.

Na naɗe hannun riga. Bafillacen ya riƙe mini ƙaho, na kama hancinta da hagu, na ja leɓen ƙasa da dama. Manyan haƙora huɗu. Kafin in ɗago sai ta wurga kai, ta shafe mini laktayen Masta da yawu da ɗanyar ciyawa tun daga ƙulli har ƙasa. Na ce, "Ta kai uku, ko ta ɗan gota."

Baturen ya dubi Bafillacen, shi kuwa ya gyaɗa kai. Sannan Bafillacen ya dube ni da kyau ya ce da Hausa, "Kai, ɗan wa ne kai a kara?" Da na faɗa masa sai ya riƙe baki. "Ashe! Ai wurin babanka aka sayo uwar wannan. Ka gaishe shi."

Baturen bai ce na ci ko na faɗi ba. Ya dai dubi laktayen ya ce in sa masa ruwan sanyi, kada in sa na zafi. Da yamma na kai wa Masta abinsa a ninke ina ba da haƙuri. Ya buɗe, ya sansana, ya sa na ba shi labari tun daga farko, ya yi ta dariya har matarsa ta leƙo.

Jira ya fi komai wuya. Wata biyu ina bin Baba kara, 'yan unguwa suna tsokanata, wai ga malamin gona ya fito duba talakawansa. Da yake ba mu da akwatin gidan waya, adireshin makaranta muka bayar. Wata Talata da hantsi, kasuwa ta cika, Baba na tsakiyar daidaita wani mahauci da mai shanu, sai na hango Masta yana kutsawa tsakanin ƙahoni da fararen takalmansa, yana taka kashin shanu bai ma sani ba, hannunsa a sama da ambulan.

"Ta ci! Yaro ta ci!"

Baba ya saki hannun mahaucin. Ya ce in buɗe in karanta. Na karanta da Turanci. An ɗauke ni, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin karatuna da ci da kwana. Baba ya ce in sake da Hausa. Na sake. Mahauta Asantawa suka ce su fa ba su ji ba, Masta ya karɓa ya juya musu da harshensu, ya ƙara gishiri. Mutane suka kewaye mu, wani Bazabarme mai shanu da bai san ni ba ya kama hannuna yana ta girgizawa. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita ya fi a ƙirga. Daga nan ya aika aka kawo goro aka rarraba, ya koma ya ƙarasa cinikin da ya bari.

A gida Goggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Inna tana bakin murhu, ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da abin da take yi. Amma miyar ran nan sau biyu ta sa mata gishiri, kowa ya sha ruwa ya ƙoshi. Washegari tun da duku-duku ta soya waina aka kai masallaci sadaka.

Tare da takardar akwai jerin kayan da ake so ɗalibi ya zo da su, zannuwan gado farare, gidan sauro, fararen riguna, kwat, takalmin roba na shiga gona. Wannan bai ɗauke mu mako ba. Jerin Inna ne ya fi tsawo, ko da yake ba a rubuce yake ba. Ta sa aka yi kilishi, ta daka yaji, ta yi dakuwa da ƙuli-ƙuli, ta soya man shanu ta ɗura a kwalba. Duk ta hannun Goggo suke isowa, wai Goggo ce ta yi. Na ce, "Goggo, wurin nan fa ko da ƙafa na tashi da safe, kafin azahar na iso gida."

"Rufe mini baki. Wanda ya bar gida ya bar gida."

Matan unguwa suka yi ta zuwa sallama kamar mai tafiya Makka. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo mini ƙwai a ƙwarya ta ce in na isa Ingila kada in auro Baturiya. Na ce mata bayan Oforikrom ne kawai. Ta ce ita dai ta faɗa mini.

Ran tafiya wani direba abokin Baba, mai ɗaukar shanu zuwa Ankara, ya wanke motarsa tas ya zo da ita ƙofar gida. Aka ɗora akwatin ƙarfe da buhun kayan Inna da tabarma da buta. Baba ya sha babbar riga da rawani. Goggo ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta je ta ga ɗakin da za a sa ɗanta. Na shiga na durƙusa gaban Inna. Ta kawar da kai ta yi magana da Goggo kamar ba na wurin.

"A gaya wa wannan ya riƙe sallah a kan lokaci. Kuma kada ya ci abin da bai sani ba."

Na ce, "To, Inna." Da motar ta tashi na waiwaya, sai na gan ta tsaye a bakin zaure da mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba da rana tsaka. Ba ta ɗaga hannu ba. Tana nan tsaye har muka sha kwana.

Sauran sababbin ɗalibai sun zo a tasi, wasu a motocin iyayensu. Mu muka shigo da motar shanu, ni da Goggo a baya muna riƙe da katako, ga warin da wanki bai gama fitarwa ba. Tsofaffin ɗalibai da ke tsaye suna jiran baƙi su yi musu tsiya suka sa ihu da tafi. Da na so in ji kunya, sai na ga Baba ya sauko ya gyara rawani ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu yana gaishe su da Asantanci. Nan take suka nutsu. Biyu daga cikinsu ma suka ɗauki akwatina, alhali sauran baƙi a ka aka sa su ɗauki nasu.

Rajista ta cinye yinin. Daga wannan tebur zuwa wancan, a duba takarda, a duba hoto, a dube ni. Likita ya sa na tuɓe riga ya ƙwanƙwasa ƙirjina, ya sa na karanta haruffa daga nesa. A teburin ƙarshe akawu ya juyo mini da wani babban littafi ya miƙo alƙalami, na rubuta sunana a ƙarƙashin na wasu, ya ba ni mabuɗi. Duk wannan lokaci Baba na ɗakin girki. Ya je ne ya binciki maganar nama. Ya tarar babban kuku Musulmi ne daga arewacin ƙasar, kuma naman shanun da ake dafawa daga hannun mahautan da ya sani yake fitowa. Kukun ya yi masa alkawari duk ran da aka dafa abin da bai halatta gare ni ba zai ware mini nawa daban. Baba ya dawo fuskarsa a sake.

Goggo ta duba ɗakin, ta danna katifa, ta buɗe taga ta rufe, ta kunna fitilar lantarki ta kashe har sau uku. Ta ce ba laifi. Baba ya sa muka ɗaga hannu ya yi addu'a, ya dafa kaina, suka tafi kafin la'asar ta wuce.

Ɗakin na mutum biyu ne. Ina cikin kwance kaya abokin zamana ya shigo, wani dogo Bafante daga bakin teku, ɗan mai wa'azin coci, ya zo karatun injiniya. Ya ga tabarma da buta sai ya washe baki ya ce, "Ei, Kramo!" Haka mutanen kudu ke kiran Musulmi. Ban san ko tsokana ce ba, na dai amsa. Sai ya tambaye ni ina nake fuskanta in zan yi sallah. Na nuna masa. Gadonsa ne a wajen. Sai ya kama gadon ya ja shi zuwa ɗaya bangon, ya ce ga fili nan.

Na kwance buhun Inna na miƙa masa kilishi. Ya gutsura, ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya fita da gudu neman famfo. Da ya dawo yana huci sai ya miƙo hannu ya ce in ƙara masa. Da aka buga ƙararrawar abincin yamma muka tafi tare. Na tarar da cokali da wuƙa da cokali mai yatsu jere a gefen faranti, na rasa da wanne zan fara. Ya zauna kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa in riƙa kallon hannunsa. Haka na ci shinkafar nan ina satar kallo, rabi a baki rabi a faranti.

A hanyar komawa ya ce ya ji Musulmi na tashi tun kafin gari ya waye. Shi kuwa barci ne babban abokin gabarsa, kuma ya yi wa mahaifinsa alkawarin zai riƙa karatu da sassafe. Ya roƙe ni don Allah duk ran da na tashi sallah in tashe shi, ko da zai yi gardama. Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Da asuba na yi alwala na yi sallah, na je na taɓa ƙafarsa. Ya ja bargo. Na sake taɓawa, ya ce da muryar barci yarjejeniyar daga gobe za ta fara. Na janye bargon gaba ɗaya. Ya tashi zaune yana zagina da Fantanci, sannan ya fashe da dariya ya jawo littafi. Shekarun da muka yi tare a ɗakin nan kusan kullum sai mun yi wannan kokawa, kuma har ya tsufa yana gaya wa 'ya'yansa cewa wani Kramo ne ya ba shi takardar injiniya.

Bayan karin kumallo muka rabu, kowa ya nufi ajinsa. Gine-ginen duk kamarsu ɗaya, na shiga wani ɗaki da na ga mutane na shiga, na zauna a gaba, na buɗe sabon littafina. Malami ya shigo ya fara bayani kan yadda ake auna garin magani a haɗa ƙwaya. Na rubuta kusan shafi guda ina mamakin yadda noma ya faro daga nan, kafin na kusa da ni ya leƙa takardata ya raɗa mini cewa nan ajin masu haɗa magunguna ne. Na tattara kayana na fita a kan yatsun ƙafa, dariya na bina. Wani mai shara ya nuna mini hanya. Na sami 'yan ajinmu a bakin gona, kowa ya sa takalmin roba, ni kaɗai da kwat da takalmin fata. Malamin ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi sunana, ya duba takardarsa ya sa alama, ya ce in shiga layi.